Kabari na Goma Sha Biyu a Tsibirin Ƙanƙara

Shekara arba'in da ɗaya Malam Mukhtaru ya yi yana wankan gawa a Makka, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. A magsala, wato ɗakin wankan gawa, na wani masallaci da ke bakin unguwar Tandabawi ya koyi aikin a hannun kawunsa, a nan kuma ya ajiye shi. Ya wanke 'yan unguwa da suka yi wasan ƙasa tare, ya wanke alhazan da ba wanda ya san su sai lambar da ke ɗaure a wuyan hannunsu. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan, ya haye teku, ya yi hajji, bai koma ba. Shi Mukhtaru ko hanyar Kano bai sani ba, amma Hausar Kano yake yi a gida, da ɗan gishirin Larabci a ciki.

'Ya'yansa biyu ne suka rayu. Sa'ud, babban, yana aiki a tashar jirgin ƙasa. Hadil ce auta, ita ce kuma mai kan karatu. Da ta gama jami'a aka ba ta gurbin ƙaro ilimi a ƙasar Norwe, sai da ya kwana uku yana juya maganar kafin ya amince. Abin da ya fahimta shi ne za ta karanci tarihin wasu tsibirai da ke can ƙuryar arewacin duniya, sunansu Svalbard, inda rana kan yi wata huɗu ba ta faɗi ba. Sunan ya ƙi zama a bakinsa, sai yake ce musu tsibiran Hadil.

Kullum bayan la'asar yakan dogara sanda ya je shagon abokinsa Munzali, mai sayar da turare da asuwaki a ƙarshen layinsu. A nan dattawan unguwa suke shan shayi, a nan kuma yake ba da labarin 'yarsa: yadda take salla da agogon Makka tun da can ba magariba, da yadda ba a fita bayan gari sai da mai bindiga saboda namun daji. Ana saurare, shi kuma yana jin daɗi, ko da yake ba ya nunawa.

Wata ranar Talata ya tarar Munzali yana ta juya waya a hannu kamar ta yi masa zafi.

"Abu Sa'ud, ƙanwar maiɗakina ce ta turo wannan. Duba mini, ba 'yarmu ba ce?"

Hoton bidiyo ne na wani gidan talabijin. Ga bakin teku, ga baƙaƙen duwatsu da ƙanƙara a kansu. Ga Hadil cikin jar rigar sanyi mai kauri a kan hijabinta, ta durƙusa cikin wani rami marar zurfi, tana share ƙasa da ɗan buroshi. Da mai ɗaukar hoton ya matso, sai ga abin da take sharewa: goshin ƙoƙon kan ɗan Adam.

Mukhtaru ya kalla har ƙarshe. Can wani dattijo da ke zaune a bakin ƙofa ya ce, ba da mugun nufi ba, "Ikon Allah. Uba yana rufewa, 'ya tana tonewa."

Bai shanye shayinsa ba ya tashi.

A gida ya sami matarsa Maryama tana ninke kaya. Ya faɗa mata abin da ya gani. Ba ta ɗago kai ba.

"Ummu Sa'ud, dama kin sani?"

"Na sani. Ta ce ita za ta gaya maka da bakinta idan ta zo. Tsoro take ji, Malam."

"Da ta ji tsoron ramin da ta shiga, da ya fi."

Daga ranar, duk Juma'ar da wayar Hadil ta shigo, sai ya ce a gaishe ta, ya jawo sandarsa ya fita tsakar gida. Shagon Munzali ma ya daina zuwa. Ba fushi ne ya fi damunsa ba. Shi dai tun yana saurayi aka koya masa cewa ƙashin mamaci yana da alfarma irin ta mai rai, kuma abin da ka gani a jikin gawa, kai da shi sai kabarinka. Ga shi 'yar cikinsa ta yaye wa wani bawan Allah fuska, duniya tana kallo. Wata biyu aka yi a haka.

Da zafi ya fara sauƙi Hadil ta zo hutu. Ta rame, iskar can ta farfasa mata leɓe. Ta sumbaci goshinsa, ya amsa gaisuwa, ya tambayi hanya, bai ƙara ba. Kwana biyu tana kewaya shi. A rana ta uku da safe, bayan sun karya da burodin tamis da waken ful, Maryama ta kwashe kwanuka ta ja musu ƙofa. Hadil ta gyara zama a ƙasa kusa da ƙafarsa. Da Larabci ta fi sakewa, amma da Hausa ta fara, tana tuntuɓe, don ta san maganar da ta shafi zuciya da Hausa yake jin ta.

"Abuya, ka ba ni izini in gaya maka su wane ne mutanen."

Bai tashi ba. Ta ɗauki zaman nasa a matsayin izini.

Ta ce shekara ɗari huɗu da suka wuce ba mai zama a tsibiran nan. Sai jiragen ruwa suka fara zuwa daga Holan da Ingila da wasu ƙasashe, farautar manyan kifayen teku, irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa. Su kashe, su jawo bakin gaɓa, su narka kitsen a manyan tukwane, su kai man gida a zuba a fitilu. Masu aikin talakawa ne, duk bazara su zo, kafin teku ta daskare su koma. Da yawa ba su koma ba. Wasu sanyi, wasu hatsari, wasu kuma ciwon rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace, wanda ke ruɓar da dasashi har haƙora su zube. Abokan aikinsu suka binne su a bakin teku, a ramuka marasa zurfi, don ƙasar a daskare take kamar dutse, suka jera duwatsu a kai saboda namun daji.

"Sanyin ne ya riƙe su duk shekarun nan, har da tufafinsu. Yanzu ƙasar tana narkewa, Abuya. Teku tana cin gaɓar. Na ga akwatin gawa rabinsa a ƙasa, rabinsa yana lilo a kan ruwa. Na ga dila da ƙashin mutum a baki. In ba mu ɗauke su ba, haka za su ƙare."

"Teku ma kabari ce," in ji shi. "Mutum nawa ne daga cikin mutanen kakana suka tsaya a cikinta?"

"Haka ne."

"To da kun ɗauke su, ina kuke kai su?"

Ta sunkuyar da kai. "Birni. Wurin ajiya. Kowa da akwatinsa."

"Da lamba."

"Da lamba."

"Tufafin nasu fa?"

"Su wani ɗaki ake kai su daban, inda ake kula da su kada su lalace."

"Wato ku tuɓe mutum, ku kai shi nan, ku kai rigarsa can." Ya lalubi sandarsa ya miƙe. "Allah ya ba da sa'ar karatu, ya binti."

Ba ta ƙirƙiro wata hujja don ta kare kanta ba. Wannan ya lura da shi.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, ya shiga falo neman maganin gwiwarsa, ya tarar ta baje hotuna a kan darduma tana jera su don rubutun digirinta. Ta yunƙura za ta tattara. Ya kau da kai, ya ɗauki maganin, ya juya zai fita. Amma idon da ya shekara arba'in yana aiki ɗaya ba ya neman izinin mai shi. A hoton da ke bakin ƙafarsa ya hango ƙyalle ya zagayo ƙarƙashin haɓar mamaci, an ƙulle shi a saman kunne.

Ya tsaya.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Ba mu sani ba, Abuya. Ba sunan kowa a wurin."

"Bahago ne."

Ta dube shi. Ya ce ta miƙo masa tabarau. Da ƙyar ya sauka ƙasa, ya miƙe ƙafar da ke ciwo, ya ɗauki hoton ta gefe-gefe kamar mai ɗaukar takardar da ba tasa ba.

"Duba nan. Mai dama in ya tsaya a kan gawa, ƙullinsa ta wannan gefen yake faɗawa. Wannan ta can ya faɗa. Kuma kin ga bai bar bakin ƙyallen yana reto a fuska ba, ya cusa shi ciki, sannan ya jawo hular ta rufe. Wanda bai saba ba ba ya tuna wannan. Kawo sauran."

Kaburbura goma sha biyu ne suka ɗauke a wannan bazarar, a jere suke a gaɓa ɗaya. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana bismilla a kan kowanne. Ga hulunan ulu saƙar hannu, wasu an yi musu faci a kan faci. Ga safa. Ga garin katako da aka shimfiɗa a ƙasan akwati. Ya ware biyar gefe guda.

"Waɗannan hannu ɗaya ne. Dubi yadda ya haɗa musu idon sawu. Dubi hannuwan, a miƙe suke, ba a tilasta su ba. In aka bar mamaci ya daɗe, jiki ya sandare, ba ya miƙuwa haka. Wannan mutumin yana zaune a wurin lokacin da rai ke fita. Ba kiransa ake yi daga baya ba, jinya yake yi." Ya nuna wani abu a ƙarƙashin kan ɗaya. "Mene ne wannan?"

"Gansakuka ce. A wasu kuma gashin tsuntsu."

"Matashin kai ya yi musu." Ya ɗan girgiza kai. "A wurin da ko itacen hura wuta babu."

Hadil ta jawo littafinta tana rubutu da sauri. Ta ce sun yi wata da watanni suna auna ƙasusuwa da zaren tufafi, ba wanda ya kalli ƙullin.

Hoton ƙarshe shi ne kabari na goma sha biyu, wanda ke can ƙarshen layi. Mukhtaru ya daɗe a kansa. Bakin mamacin a buɗe yake. An ɗaura ƙyallen, amma irin ɗaurin da ake yi wa kaya a jirgi, ya zame ya koma wuya. Hannu ɗaya a tanƙware a kan ciki. Ƙafafun kowace ta kama gabanta. Sai dai huluna biyu ne a kansa, ɗaya a kan ɗaya, an kuma naɗe shi da bargo biyu, alhali sauran ɗaya-ɗaya ne.

"Wannan sun so shi," in ji Mukhtaru. "A wannan sanyi mutum ya cire hularsa ya ba gawa, ba ƙaramin abu ba ne. Sun so shi, ba su dai iya ba. Yaro ne?"

"A'a. Shi ne mafi tsufa a cikinsu. Ya haura hamsin, haƙoransa duk sun cinye." Ta fara buɗe shafukan littafinta baya-baya, ta tsaya a wani. Da ta sake magana, Larabci ne ya fito mata, sannan ta maimaita da Hausa. "Abuya, ƙashin hannunsa na hagu ya fi na dama kauri. Ni na auna da kaina."

Mukhtaru ya cire tabarau ya ajiye a cinya.

Daga waje ana jin mai gas yana buga tukunya da ƙarfe yana wucewa. Ya tuna ranar da ya wanke kawunsa, wanda ya koya masa aikin, yadda bai yi kuskure ko ɗaya ba, don an nuna masa. Wannan bawan Allah kuwa ya rufe wa mutum biyar baki, ya miƙe musu hannu, da tasa ta zo ba a sami wanda ya taɓa tsayawa ya kalli yadda yake yi ba.

"Ba zan iya rubuta cewa shi ne ba," in ji Hadil a hankali. "Bahagwai suna da yawa. Ba mu ma tabbatar shekara ɗaya suka mutu ba."

"Ban ce ki rubuta ba. Ke da takardarki, ni da abin da na gani." Ya goge ido da bakin hiraminsa. "Ba musulmi ba ne, ko?"

"A'a."

"Ɗan Adam ne dai. Kuma abokin sana'ata ne."

Ranar nan bayan azahar ya sa ta zauna ta rubuta wa shugabar aikinsu wasiƙa. Yana faɗa da Hausa, tana juyawa. Ya gabatar da kansa da shekarun da ya yi a magsala, ya bayyana abin da ya gani a ƙullin, sannan ya roƙi abu ɗaya: in an gama aune-aune, a mayar da mutanen ƙasa, can saman tudu inda ruwa ba ya kaiwa, kowa da hularsa.

Amsar ta zo kafin hutun Hadil ya ƙare. Matar ta yi godiya mai tsawo, ta ce maganar ƙullin ta sa za su sake duba duk hotunan shekarun baya, ta nemi izinin sa sunansa a rahoton. Amma batun mayarwa ƙasa, ta ce ba a hannunta yake ba, kuma tudun ma narkewa yake yi, ba ta son ta yi alkawarin da ba za ta cika ba. Abin da za ta iya shi ne ta bar Hadil ta jera ƙasusuwan kowane mutum yadda Allah ya halicce su, ta naɗe su da farin ƙyalle a cikin akwatin ajiyar, maimakon jaka-jaka.

Mukhtaru ya sa aka karanta masa sau biyu.

"Ba abin da na roƙa ba ke nan," ya ce. "Amma matar ba ta yi mini ƙarya ba. Sunana kuma ta bar shi, ba a sa sunan mai wanka." Ya juya wajen kicin. "Ummu Sa'ud, akwai tsohon farin zanen gado?"

Maryama ta kawo, ta yayyaga yadda ya ce. Aka ɗauko dogon matashin falo aka kwantar a tsakiyar darduma. Ya nuna wa Hadil yadda ake shimfiɗa ƙyalle, da yadda ake fara rufe gefe ɗaya kafin ɗayan, da yadda ake tallafar kai da hannu biyu, ba a ɗaga shi da ɗaya ko da ba nauyi. Ya nuna mata ƙullin da ke riƙewa ba tare da ya matse ba. Ta yi, ya kwance, ta sake. Ana cikin haka Sa'ud ya shigo cin abincin rana da rigar aikinsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon uba da ƙanwa durƙushe a kan matashi. Tun yana yaro ba ya son ko wucewa ta ƙofar magsala.

"Kai, riƙe mata can," in ji uban, bai ko ɗago ba.

Sa'ud ya cire takalmi, ya zo ya riƙe.

Da Hadil ta koma, Mukhtaru ya koma shagon Munzali. Ba wanda ya tayar da tsohuwar magana. Shi da kansa ya ba su labarin bahagon, tun daga kitsen kifi har huluna biyu, Munzali ya bar mai sayen turare yana tsaye sai da aka kai ƙarshe. A tsakiyar hunturu Hadil ta aiko da saƙo cewa ta gama naɗe duka goma sha biyun. Ba ta turo hoto ba, shi ma bai nema ba.

Bazara ta zagayo, suka sake fita tsibiran. Inda suke aiki ba a samun waya, sai da aka yi mako uku ba labari. Wata Lahadi da hantsi wayar Maryama ta yi ƙara, ta duba, ta miƙa masa. Muryar Hadil a dushe take. Ta ce sun dawo ɗan garin da ke babban tsibirin ɗaukar kayan abinci. Ta ce akwai wata gaɓa kusa da ta bara, mai kaburbura goma sha uku, da suka so ɗaukewa bara lokaci ya ƙure musu. Da suka isa bana, sun tarar guguwar hunturu ta zabtare bakin gaɓar, huɗu sun tafi. Tana faɗa tana kuka.

Ya bar ta sai da ta tsagaita.

"Ba ku sami komai ba?"

"Katako biyu, da safa guda a tsakanin duwatsu."

"Kun ɗauka?"

"Mun ɗauka."

"Madalla. Saura tara ke nan. Yaushe jirgin zai mayar da ku?"

"Jibi, in iska ta kwanta."

"To ku fara da na bakin ruwa, ku bar na sama su jira. Ku nawa ne a ramin?"

"Mu huɗu."

"Ki nuna wa sauran ukun yadda ake tallafar kai. Kuma ki daina kukan nan a cikin sanyi, zai kama miki ƙirji."

Ta ce to. Ya ji tana jan hanci, tana ɗan dariya. Maryama ta riga ta matso tana miƙo hannu, don tun ɗazu take son ta tambaya ko yajin da ta ƙulla mata ya ƙare. Ya ba ta wayar.